Bangaladash da ruwa: me ya sa ambaliya ba ta cinye ƙasar ba?

Tambaya: Duk shekara sai an ji labarin ambaliya ko mahaukaciyar guguwa a Bangaladash. Me ya sa abin bai ƙarewa? Kuma ta yaya mutane masu yawa haka suke rayuwa a ƙasar da ake cewa teku zai haɗiye ta?

Amsa: Malam mai tambaya, labaran da kake ji suna cakuɗa abubuwa huɗu ne wuri guda: cikar koguna da damina, zaizayar gaɓa, toroƙon teku lokacin guguwa, da kuma ƙarancin ruwan daɗi da rani. Kowanne da sanadinsa, kowanne da maganinsa, kuma maganin wani yakan zama cutar wani. Sai an rarrabe su ake gane ƙasar.

Faɗin Bangaladash kimanin murabba'in kilomita 148,000 ne, mutanenta kuwa sun kusa miliyan 170, wato fiye da mutum 1,100 a kowane murabba'in kilomita. In ka cire tuddan Chittagong a kudu maso gabas da 'yan tsaunukan Sylhet, sauran ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma koguna ne suka gina ta da lakar da suke ɗebowa daga duwatsun Himalaya. Manyan kogunan uku ne. Ganges yana shigowa daga yamma, a cikin ƙasar ana kiransa Padma. Brahmaputra yana tasowa daga Tibet, ya ratsa Assam, ya shigo daga arewa da sunan Jamuna. Meghna kuma yana tattara ruwan arewa maso gabas, inda ake tafka ruwan sama irin wanda ba a cika samu ba a duniya. Dukkansu suna haɗewa su zuba a Tekun Bengal ta baki ɗaya. Yankin da ke tara musu ruwa ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.7, amma abin da ke cikin iyakar Bangaladash bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ma'ana, mafi yawan ruwan da ke malala a gonar manomi a can, a Indiya ko Nepal ko Bhutan ko Sin ya sauka. Sannan kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan saman shekara yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba zuwa Oktoba.

A shekarar da komai ya tafi daidai, ruwa yakan rufe kashi ɗaya cikin biyar zuwa rubu'in ƙasar. Manomi ba ya kiran wannan masifa, jiransa ma yake yi. Ruwan ne yake jiƙa ƙasa, ya cika rijiyoyi, ya kawo kifi cikin gonakin shinkafa. An gina ƙauyuka a kan tudun da aka tara da hannu, ramin da aka ɗebi ƙasar ya zama tafkin gida. Akwai tsohon irin shinkafar damina mai dogon kara da ke miƙewa yana bin ruwa yayin da yake ƙaruwa, har ya kai mita uku ko fiye. A yankunan Gopalganj da Pirojpur da Barisal, inda ruwa kan kwanta watanni, ana jibge kainuwa hawa-hawa a bar ta ta ruɓe, a shuka kuɓewa da kabewa da ganye a kai, gona tana yawo a saman ruwa an kafe ta da gora.

Babbar ambaliya tana zuwa ne in lokutan kogunan suka haɗu. A al'ada Brahmaputra yakan yi cikar ƙarshe a Yuli zuwa Agusta, Ganges kuma ya biyo baya a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, sai ruwan ya wuce bi da bi. In cikar tasu ta faɗo cikin kwanaki ɗaya, ga ruwan sama a cikin gida, ga teku ya tumbatsa ya tare bakin Meghna, ruwa ba ya samun hanyar fita. Haka aka yi a 1988, ruwa ya rufe kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar, har da birnin Dhaka. A 1998 ya rufe kusan kashi biyu cikin uku, ya kuma kwanta fiye da wata biyu. Wani nau'in kuma shi ne na kwarurukan arewa maso gabas da ake kira hawor, a Sunamganj da kewaye. Can noma sau ɗaya ake yi, na rani, girbi a Afrilu zuwa Mayu. In ruwa ya gangaro daga tuddan Meghalaya kafin lokaci, kamar yadda ya yi a 2017, abincin shekara ya tafi kenan saura makonni kaɗan a yanke shi.

Zaizaya ba ta cika shiga labarai ba, amma ta fi ambaliya talauta mutum, domin ambaliya tana janyewa ta bar maka gonarka, kogi kuwa in ya ci gona ya ci. Jamuna ba hanya ɗaya yake bi ba, rassa ne birjik da ke sarƙe da juna a fili mai faɗin da ya wuce kilomita 10 a wasu wurare. Shi kansa sabon kogi ne: Brahmaputra ya bar tsohuwar hanyarsa ta Mymensingh ya koma wannan ne bayan ambaliyar 1787. Gaɓarsa yashi ne mai laushi. Ruwa yana rarake ta daga ƙasa, sai lokacin da ruwan ya fara ja da baya, gaɓar da ta sha ruwa ta yi nauyi ta rufta. Abin da aka kwashe a nan yakan fito a can a matsayin tsibirin yashi da ake kira char, mutane su koma kai su yi noma, wani lokaci a yi rikici kan mallakarsa, bayan 'yan shekaru shi ma ya tafi. Duwatsu sun yi ƙaranci a ƙasar, don haka kare gaɓa yana da tsada. Abin da ya fi araha shi ne buhunan wani yadi mai kauri da ake cika da yashi, a jibge su a gindin gaɓa, in kogi ya rarake ƙasa su zame su rufe wurin. Wannan laushin ƙasar ne ya sa gadar Padma da aka buɗe a 2022, mai tsawon kilomita 6.15, sai da aka kafa ginshiƙanta zurfin kusan mita 120.

Abin da ya fi kashe mutane shi ne guguwar teku, kuma ruwan da take turowa ne yake kisa fiye da iskar. Arewacin Tekun Bengal tamkar mazurari yake: yana tsukewa, ga shi ba zurfi, don haka ruwan da iska ta koro ba shi da wurin zuwa sai sama da kan tudu. In ya dace da lokacin cikar teku, sai ya hau gaɓa da tsayin mita 5 zuwa 6 ko fiye, a kan tsibiran da tsayinsu bai wuce mita biyu ko uku ba. Lokacinta biyu ne, Afrilu zuwa Mayu, sai Oktoba zuwa Nuwamba.

A nan ne yanayin ƙasar ya haɗu da siyasarta. Da Turawan Ingila suka raba Indiya a 1947, gabashin Bengal, wato Bangaladash ta yau, ya zama ɓangaren Pakistan, da kusan kilomita 1,600 na ƙasar Indiya a tsakanin ɓangarorin biyu. Gabas ta fi yawan jama'a, ramar da take nomawa ce ke kawo kuɗin waje, amma mulki da soja suna yamma. An fara da rigimar harshe: ranar 21 ga Fabrairu 1952 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Dhaka masu neman a amince da harshen Bengali. Daren 12 ga Nuwamba 1970 guguwa ta afka wa tsibirin Bhola da kewaye, ta kashe mutum tsakanin 300,000 da 500,000. Gwamnatin Janar Yahya Khan ta yi jan ƙafa wajen kai agaji, mutane suka riƙe abin a zuciya. Wata ɗaya bai cika ba aka yi zaɓe, jam'iyyar Awami ta Sheikh Mujibur Rahman ta lashe kujeru 160 cikin 162 na gabas, wanda ya ba ta rinjaye a majalisar Pakistan baki ɗaya. Aka ƙi miƙa mata mulki. Daren 25 ga Maris 1971 soja suka fara kisa a Dhaka, yaƙi ya ɓarke, kusan mutum miliyan 10 suka tsere Indiya. Indiya ta shiga yaƙin a Disamba, sojan Pakistan suka miƙa wuya ranar 16 ga watan. Sabuwar ƙasa ta tashi a kan kango, a 1974 kuma ambaliya da yunwa suka biyo baya, aka kashe shugaban ƙasar, Sheikh Mujibur Rahman, a Agustan 1975, soja suka riƙe ƙasar har 1990.

Darasin 1970 shi ne ya haifar da shirin tunkarar guguwa da aka kafa a 1972 tare da ƙungiyar agaji ta Red Cross (wadda yanzu ake kira Red Crescent), gwamnati ta shigo ciki a shekara mai bi. Tsarinsa ba shi da wuyar fahimta. Hukumar yanayi tana bin guguwa tana ba da lambar haɗari, daga 1 zuwa 10. Saƙon yana sauka ta rediyo da waya zuwa ga 'yan sa-kai, waɗanda yanzu sun haura 70,000, rabinsu mata. Su ne suke ɗaga tutoci, tuta uku na nufin babban haɗari, su bi ƙauye a ƙafa ko a keke da lasifikar hannu, a kuma yi shela a masallatai. Mafakar kuwa ginin kankare ne a kan dogayen ginshiƙai, ƙasansa a buɗe domin ruwa ya wuce, a ranakun lafiya makaranta ce. Duk da haka guguwar 29 ga Afrilu 1991 ta kashe kusan mutum 138,000 a yankin Chittagong. Gargaɗi ya isa, amma mafaka ta yi kaɗan kuma ta yi nisa, an kuma sha yin gargaɗin da ba a ga komai ba, mutane suka daina yarda. Wasu suka ƙi barin shanu da kwanon rufinsu don gudun ɓarayi. Mata sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba: wata tana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, wata dogon zanenta ko gashinta ya sarƙe a reshe, ga goyo. Gyaran da aka yi ya bi waɗannan dalilai ɗaya bayan ɗaya. Aka gina dubban mafaka kusa da gidaje, aka tara tudun ƙasa domin dabbobi, aka ware ɗakuna da banɗakin mata, aka ɗauki mata aikin sa-kai domin su ne ke iya shiga cikin gida. Guguwar Sidr ta 2007 tana da ƙarfin gaske, ta kashe kusan 3,400. Lokacin Amphan a 2020 an kwashe fiye da mutum miliyan 2, waɗanda suka mutu a Bangaladash ba su kai 30 ba. Gidaje da gonaki dai har gobe ana asararsu.

Inda aka yi ƙoƙarin tare ruwan gaba ɗaya, labarin daban ne, kuma a ganina nan ne asalin matsalar ƙasar take. Bayan ambaliyar 1954 da 1955 aka gayyato masana daga waje, aka tsara babban shiri. Daga shekarun 1960 aka kewaye filayen bakin teku da jinga irin ta Holan, kowane fili ana kiransa folda, yau akwai 139. Kowace tana da ƙofofin ruwa masu murfi: in teku ya janye, ruwan saman da ya taru a ciki ya tura murfin ya fita, in teku ya cika, murfin ya rufe ya hana ruwan gishiri shiga. Shekaru goma zuwa goma sha biyar na farko abin ya yi kyau matuƙa, amfanin gona ya ƙaru sosai.

Abin da ba a lissafa ba shi ne laka. Kogunan nan suna kawo kusan tan biliyan ɗaya kowace shekara. A da, cikar teku sau biyu a rana takan bazu a kan fili, ta ajiye ɗan siririn taɓo, ta koma. Wannan taɓon ne yake cike gurbin lotsawar da sabuwar ƙasa take yi a hankali. Da aka yi jinga, lakar ta rasa wurin zama sai cikin kwarin kogi. Gindin kogi yana tashi, cikin folda yana lotsawa, har aka wayi gari kogi ya fi gona tudu. Ƙofar ruwa ta toshe da laka, ruwan sama ya rasa mafita. Tun shekarun 1980 yankuna irin su Beel Dakatia a Khulna da Bhabadah a Jessore suka zama tafki na watanni, makarantu da maƙabartu cikin ruwa. Masu bincike da suka auna wata folda da ke maƙwabtaka da dajin Sundarbans sun tarar ta yi ƙasa da dajin da mita 1 zuwa 1.5 cikin kusan shekara 50, shi dajin da ba a kewaye ba ya ci gaba da karɓar lakarsa. Shi ya sa da guguwar Aila ta fasa jingogi a 2009, duk da ba ta kashe mutane da yawa ba, wasu ƙauyuka suka shekara biyu teku yana shiga yana fita a tsakar gidajensu. Ga kuma masu kiwon jatan lande, sana'ar da ta bunƙasa tun shekarun 1980, waɗanda suke huda jinga su sa bututu su jawo ruwan gishiri. Ramin yana raunana jingar, gishirin kuma yana kashe shinkafar maƙwabci da bishiyoyinsa da ciyawar dabbobinsa. Bayan ambaliyar 1988 an sake kawo shawarar kewaye manyan koguna da jinga, amma suka ta yi yawa a ciki da waje, mafi yawan aikin bai tabbata ba.

Da rani kuma ruwan daɗi ne yake ƙaranci. Koguna 54 ƙasar take tarayya da Indiya. A 1975 Indiya ta fara aiki da madatsar Farakka, kusan kilomita 18 daga iyaka, tana karkatar da ruwan Ganges zuwa kogin Hooghly domin wanke tashar jiragen ruwan Kalkata. Gorai, reshen Ganges da ke kai ruwan daɗi kudu maso yamma, ya riƙa ƙafewa da rani, gishiri ya hauro har Khulna, bishiyar sundari da ke cikin Sundarbans ta riƙa bushewa daga sama. Yarjejeniyar 1996 ta tsara rabon ruwan daga Janairu zuwa Mayu, kwana goma-goma, na tsawon shekara 30. A kan kogin Teesta kuwa an shirya yarjejeniya a 2011 amma ba a sa hannu ba.

Ruwan sha shi ma ya zo da nasa tarkon. Domin raba mutane da ruwan tafki mai kawo kwalara da gudawa, daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin famfunan tuƙa-tuƙa marasa zurfi, kuma sun ceci yara ba adadi. Sai a 1993 aka tabbatar akwai gubar asenik a cikinsu. Ba wanda ya zuba ta. Tana maƙale ne a jikin tsatsar ƙarfen da ke lulluɓe da ƙwayoyin yashin Himalaya. A ƙarƙashin ƙasa inda babu iska, ƙwayoyin halitta masu cin ruɓaɓɓen ganye suna narkar da tsatsar, gubar ta saku cikin ruwa. Ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano, sai bayan shekaru a ga baƙaƙen tabo a jiki da kaurin fata a tafin hannu da ƙafa, daga baya sankara da ciwon zuciya. Wani babban gwaji ya nuna kusan rubu'in famfuna marasa zurfi sun haura ma'aunin ƙasar na maikurogiram 50 a lita, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya 10 ne. Aka bi famfunan ana gwadawa, mai guba a shafa wa bakinsa jan fenti, mai kyau kore. Famfo biyu a ƙauye ɗaya suna iya bambanta, don haka komawa famfon maƙwabci ya fi komai sauƙi, sai kuma haƙa rijiyar da ta wuce mita 150. Amma fenti yana gogewa, ana haƙa sabbin famfuna ba gwaji, rijiyoyi masu zurfin kuma sau da yawa a harabar masu faɗa a ji suke ƙarewa.

To ta yaya ake rayuwa? Babban sauyi shi ne noma ya koma rani. Shinkafar boro, da ake ba ruwa da injin famfo, yanzu ita ce fiye da rabin shinkafar da ƙasar ke girbewa, don haka damina ta lalace ba ta nufin yunwa kamar 1974. An fitar da irin da ke jure kwana goma sha huɗu a nutse, da wanda ke jure gishiri. A shekarun 1980 ma'aikatan ƙungiyar agaji ta BRAC, mata, suka bi gida-gida suna koya wa iyaye haɗin ruwan gishiri da sukari na maganin gudawa: gishiri da yatsu uku, mazarƙwaila cikin tafi ɗaya, a rabin litar ruwa. Haihuwa ta sauko daga kusan 'ya'ya bakwai ga mace ɗaya zuwa kusan biyu. Ɗinkin tufafi yana kawo fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin kayan da ake fitarwa, ko da yake rushewar ginin Rana Plaza a 2013, inda mutum 1,134 suka mutu, ta nuna a wane hali ake ɗinkin. Siyasar dai ba ta taɓa zama lafiya ba, ko a Agustan 2024 zanga-zanga ce ta kori Firaminista Sheikh Hasina daga mulki.

Batun teku zai haɗiye ƙasar kuwa, taswirar da ake zanawa a shafe kudu da shuɗi tana ɗauka cewa ƙasar a tsaye take cik, alhali a bakin Meghna sabuwar ƙasa ake samu fiye da wadda ake rasawa. Haɗarin gaske yana kudu maso yamma, inda teku ke tashi, ƙasa ke lotsawa, jinga kuma ta hana laka shiga. Manoma ne suka fara nuna mafita: a 1990 suka fasa jingar Beel Dakatia ba da izini ba, a 1997 aka sake yin haka a Beel Bhaina. Cikin 'yan shekaru filin Bhaina ya tashi da kusan mita ɗaya a wurare da dama, kogin Hari da ya cushe kuma ya sake yin zurfi, domin ruwan da ya ajiye lakarsa a fili yana komawa da ƙarfi yana share kwarin. Hukuma ta karɓi dabarar daga baya. Ana zaɓar kwari ɗaya, a kewaye shi da ƙaramar jinga don kare gidaje, a yanka masa hanya zuwa kogi, a bar shi shekara uku zuwa biyar, a rufe, a koma na gaba. Laka takan taru a bakin yankan ta bar can ciki, sai an haƙa magudanai ko an sauya wurin yankan. Abin da ya fi kawo cikas shi ne diyya: mai gona zai yi shekaru ba noma, kuɗin yakan makara, takardun fili sukan kasance da sunan kakan da ya rasu, ɗan haya da ɗan ƙodago kuwa ba sa cikin lissafi sam. A Bhabadah wannan rigimar ce ta tsayar da zagayen, ruwa kuma ya dawo ya kwanta.